Kulob ɗin yara na bayan tashi daga makaranta a Ingila: tambayoyi da amsoshi

A Ingila makarantun firamare na tashi tsakanin ƙarfe 3:00 da 3:30 na yamma. Mai aikin ofis ba ya tashi sai 5:00 ko 6:00, mai aikin asibiti ko gidan kula da tsofaffi kuwa sai yadda jadawali ya faɗa masa. A Kano ko Zariya ko Maraɗi wannan tazara ba abin damuwa ba ce, akwai kaka, akwai ƙanwar miji, ga maƙwabta, ga Islamiyya da la'asar. A nan yawancinmu ba mu da ko ɗaya, shi ya sa maganar kulob ke tasowa tun makon farko da aka sa yaro makaranta. Dokokin da aka ambata a ƙasa na Ingila ne kaɗai. Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da tata hukumar da nata ƙa'idojin.

Shin kulob ɗin nan shi ne lesin irin wanda muka sani a gida?

A'a, kuma daga nan rashin fahimta ke farawa. Lesin ƙarin karatu ne. Kulob wuri ne da ake riƙe yaro daga tashi makaranta zuwa wajen ƙarfe 6:00, a ba shi ɗan abin taɓawa, a bar shi ya yi wasa a gaban manya. Yawanci a zauren makarantar ake yi, wani lokaci a zauren unguwa ko na coci, ma'aikata su je su kwaso yaran a ƙafa ko a mota. Wani makaranta ce ke gudanar da shi, wani kamfani ne, wani ƙungiyar sa-kai.

Kada a haɗa shi da 'yan kulob na awa guda da makarantu ke yi, kamar na ƙwallo ranar Talata ko na zane ranar Alhamis. Waɗannan koyar da abu guda suke yi su tashi da 4:15 ko 4:30, ba za su riƙe miki yaro har ki dawo aiki ba.

To kuɗi zan biya don kawai ya je ya yi wasa?

Haka ne, kuma in kulob ɗin na kirki ne, kuɗin bai tafi a banza ba. Yaro ya wuni sama da awa 6 ana ce masa zauna nan, rubuta wannan, yi shiru, bi layi. In an tashe shi aka sake zaunar da shi a tebur da fensir, jikinsa na wurin amma kansa ya daɗe da tafiya.

Kula da wasan yara sana'a ce mai zaman kanta a Birtaniya, da kwasa-kwasanta da takardun shaidarta. Masu sana'ar na da ƙa'idoji 8 da aka amince da su a 2005, kuma ginshiƙinsu shi ne cewa wasa abu ne da yaro ya zaɓa da kansa, yake tafiyar da shi da kansa, don sha'awar kansa, ba don lada ko maki ba. Aikin babba shi ne ya shirya wuri da kaya, ya zuba ido, ya sa baki in an gayyace shi ko in abu zai ɓaci. Asalin tunanin daga Denmak yake. Wani mai tsara lambuna, Sorensen, ya lura yara sun fi son wuraren da ake gini da tarkace a kan filayen wasan da aka ƙawata musu, sai aka buɗe filin tarkace na farko a Emdrup, gefen birnin Kopenhagen, a 1943. Bayan yaƙin duniya na biyu wata 'yar Ingila mai fafutukar jin daɗin yara, Lady Allen, ta ga wurin ta yaɗa labarinsa a Ingila, aka fara yin irinsa a kangayen da bama-bamai suka bari a Landan.

Duk wanda ya tashi yana zuwa dandali ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Babu malamin da ya koya mana langa ko carafke ko 'yar gala-gala. Babba a cikin yara ne ke raba gari, a yi gardama kan wa ya ci, a shirya, ƙarami ya koyi haƙuri da jiran layi, manya na zaune a ƙofar gida suna gani ba su tanka ba sai kuka ya yi yawa. Abin da kulob mai kyau ke ƙoƙarin samarwa ke nan a ƙasar da yara ba sa fita titi su kaɗai. Sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Birtaniya da Najeriya da Nijar duk suka amince da ita, ya sa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro. Manyan likitocin gwamnatin Birtaniya kuma na ba da shawarar yaro mai shekara 5 zuwa 18 ya samu motsa jiki na kimanin minti 60 a rana, abin da ba zai samu a falon gida a watan Janairu ba.

Ba za su sa shi ya yi aikin gida ba ke nan?

Wasu kulob na ware tebur a gefe ga mai son yin aikinsa, amma ba sa tilasta wa kowa, kuma ma'aikatan ba malaman aji ba ne. Doka ma ba ta ɗora musu koyarwa ba. In kina son ya riƙa karanta littafinsa na minti 10 kafin ya shiga wasa, faɗa musu, da yawa za su tuna masa. In ƙarin darasin lissafi kike nema, mai koyarwa za ki nema daban.

In na je duba wuri, me zan kalla?

Gani ya kori ji. Nemi a bar ki ki shiga lokacin da yara ke ciki, wajen ƙarfe 4:15, bayan an gama cin abin taɓawa. Zaure mai tsabta da aka nuna miki da safe babu kowa ba zai gaya miki komai ba.

Fara da kunne. Kulob mai kyau yana da hayaniya, amma ta yara ce, ba ta manya masu tsawa ba. In kika tarar da yara 25 shiru a zaune, ki tambayi kanki me ya sa. Sannan ki dubi ko abubuwa daban-daban ne ke gudana a lokaci guda: waɗannan na gina ɗaki da kwali da zannuwa, waɗancan na ƙwallo a waje, wata na kwance a kan matashi da littafi ba wanda ya dame ta. Wurin hutawa na da muhimmanci kamar filin gudu, domin akwai yaron da abin da yake bukata bayan makaranta shi ne a ƙyale shi.

Dubi kayan. Tsadarsu ba ita ce magana ba. Kwalaye, igiya, tsofaffin tayoyi, ƙyallaye, yashi, ruwa, katako, duk abin da yaro zai iya juya shi ya zama wani abu, sun fi motar batir da abu guda kawai take yi. Wani malamin zane, Simon Nicholson, ya rubuta wannan a 1971, cewa yawan abubuwan da yaro zai iya motsawa ya sarrafa shi ke kawo yawan ƙirƙira. Yaron da ya taɓa haɗa mota da kara da gwangwani ya riga shi sani. Duba kuma ko yara na ɗaukar kayan da kansu, ko a kulle suke a kabad sai an roƙa. In zane-zanen da ke jikin bango duk iri ɗaya ne, babba ne ya yi, yara suka kwafa.

Daga ƙarshe, manyan. Sun san sunan kowane yaro? In yaro na magana suna durƙusawa su saurare shi? A warwatse suke, wani a ciki wani a waje, ko sun taru a lungu suna hirarsu? Ita ma ƙofa abin lura ce: in kika shiga har tsakiyar zaure ba wanda ya tsayar da ke ya tambayi ko ke wace ce, kin samu amsar da ta fi kowace.

Wace hukuma ce ke sa musu ido?

Ofsted, wadda aka kafa a 1992 don duba makarantu, ta karɓi rajista da duba wuraren renon yara daga hannun ƙananan hukumomi a 2001. A ƙarƙashin dokar kula da yara ta 2006 akwai rajista iri biyu. Ta farko ta ƙanana ce, daga haihuwa zuwa 31 ga Agustan da ke bin cikar yaro shekara 5, wato har da 'yan ajin Reception, ajin farko na firamare. Ta biyu kashi biyu ce: dole ga mai riƙe yara daga nan zuwa shekara 8, ganin dama ga mai riƙe waɗanda suka haura 8.

Ba kowa ke cikin rajista ba, kuma ba lallai laifi ba ne. Wurin da ba ya wuce awa 2 a rana bai buƙatar ta. Kulob ɗin da makaranta ke gudanarwa da kanta don ɗalibanta ma haka, ana duba shi ne cikin binciken makarantar. Mai rajista kuwa dole ya manna takardar shaidarsa inda iyaye za su gani, da lambarsa a jiki. Da wannan lamba ko lambar unguwa ake nemo rahotonsa a shafin Ofsted, kyauta.

Na samo rahoton. Yaya zan karanta shi?

Fara da kwanan wata. An shafe shekaru ana iya ɗaukar har shekara 6 tsakanin bincike da bincike, kulob da ke rajista ta biyu kaɗai kuwa kusan ɗaya cikin 10 ake zaɓa a duba a shekara. Rahoton shekara 4 da suka wuce na iya yabon shugabar da ta daɗe da barin aikin. Tambayi ko ita ce har yanzu.

Salon ba da maki ma ya sauya. Kafin Satumba 2019 matakai 4 ne, daga mafi kyau zuwa wanda bai isa ba. Daga nan aka koma cewa kawai kulob ya cika ƙa'ida ko bai cika ba. A Nuwamba 2025 kuma Ofsted ta fara sabon salo na katin sakamako mai matakai 5 a fannoni daban-daban. Don haka kada ki kwatanta hukuncin da ke saman rahotanni biyu, karanta cikinsu. Inda mai bincike ya bayyana abin da ya ga yara na yi da abin da suka gaya masa ya fi amfani. Sai kuma wurin da ya lissafa gyaran da ya nema. In gyaran ya shafi tantance ma'aikata, taimakon gaggawa ko tsaron ƙofa, tambayi shugabar kai tsaye me aka yi a kai. Wadda ta gyara ba za ta ji haushin tambayar ba.

A tuna, mai bincike yammaci guda ya zo. Ɗanki zai yi ɗaruruwa.

Manya nawa ya kamata a samu ga yara nawa?

Nan ne doka ta fi sassauci fiye da yadda iyaye ke zato. Tun Satumba 2014, ga yaran da suka shiga Reception zuwa sama, abin da aka wajabta shi ne isassun ma'aikata kamar na aji mai yara 30, sauran an bar wa mai kulob ya yanke. Kafin nan babba 1 ne ga yara 8 'yan ƙasa da shekara 8. Kulob masu mutunci da yawa sun ci gaba da riƙe tsohon lissafin, ko 1 ga 10 ga manyan yara.

A ganina babba guda da yara 30 ba kula ba ce, gadi ne. Da zarar yaro ɗaya ya faɗi ko ya yi amai, sauran 29 babu mai ganinsu, kuma ba za a iya buɗe ƙofar fita waje ba domin ba mai bin su. Tambayi adadinsu, sannan ki ƙirga da idonki ranar da kika je. Tambayi kuma me suke yi in ma'aikaci ya kwanta rashin lafiya.

Su wane ne ma'aikatan, an tantance su?

Duk mai aiki da yara a wurin dole a yi masa binciken DBS mai zurfi, wanda ke duba tarihinsa a wajen 'yan sanda da jerin waɗanda aka haramta wa aiki da yara. Dole a samu aƙalla mutum ɗaya mai shaidar taimakon gaggawa a wurin duk lokacin da yara ke nan. Cikakken kwas ɗin na yara awa 12 ne, ana sabunta shi duk shekara 3. Akwai kuma mutum guda da aka ɗora wa alhakin kare yara, ki nemi sanin sunansa.

Takardar DBS na nuna ba a taɓa kama mutum ba ne, ba ta nuna ya iya yara ba. Aikin na 'yan awanni ne da ƙaramin albashi, saboda haka ma'aikata na yawan canzawa. Kulob ɗin da za ki tarar da mutanen da suka shekara 3 ko 5 a cikinsa, har ƙannen yaran da suka rena sun zo hannunsu, wannan ya fi sabon fenti daraja.

Ya dawo da kujewa a gwiwa, rigar makaranta duk laka. Sakaci ne?

Ba lallai ba. Hukumar lafiya da tsaron wuraren aiki ta Birtaniya da kanta ta fitar da sanarwa a 2012 cewa manufar ba kawar da duk wani haɗari daga wasa ba ce, a auna amfani da haɗari ne. Yaron da bai taɓa hawa ya ji tsoron tsawo ba, bai san iyakar ƙarfinsa ba. Bambancin shi ne tsakanin haɗarin da yaro ke gani ya zaɓa, kamar tsalle daga kututture, da wanda ba ya gani, kamar ƙusa a katako ko ƙofar da ke buɗe ta nufi titi. Na farko wasa ne, na biyu sakaci.

Abin da za ki duba shi ne yadda suka sanar da ke. Kowane rauni ana rubuta shi, da abin da aka yi masa, a gaya miki ranar, yawanci ki sa hannu. In buguwar kai ce su faɗa miki alamomin da za ki lura da su da dare. Rauni mai tsanani dole su sanar da Ofsted cikin kwana 14. In sai wajen wanka kika gano ƙulu a kansa ba wanda ya ce miki uffan, wannan abin magana ne. Laka kuwa sai haƙuri, ki sa masa wandon canji a jaka.

Da wannan sanyin suke fitar da su waje?

Suna fitarwa, har da yayyafi, kuma daidai ne. Naki shi ne rigar sanyi mai hana ruwa, hula da safar hannu, a rubuta sunansa a jikin kowanne. Kulob ɗin da ke rufe ƙofa daga Nuwamba zuwa Maris ya kunna talabijin, shi ne abin ƙorafi. Fim ranar Juma'a sau ɗaya ba laifi, kullum kuwa lalaci ne.

Abinci fa? Halal ne? Sallah da azumi fa?

Abin taɓawa ake bayarwa, ba tuwon dare ba: burodi gasasshe, 'ya'yan itace, cuku, wani lokaci taliya. Ruwan sha dole ya kasance a kusa koyaushe. A takardar shiga akwai gurbin abincin da yaro ba ya ci. Kada ki rubuta naman alade kawai ki tsaya. Rubuta cewa ba ya cin naman da ba halal ba, da alewa mai jelatin (sinadarin da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi), in kuma ba su da halal a ba shi abin da ba nama. Ranakun biki ne aka fi yin kuskure, lokacin da wani ya kawo alewa a raba.

Ke ma akwai naki kiyayewar. Gyaɗa da riɗi na cikin abubuwa 14 da dokar abinci ta lissafa masu tayar wa wasu rashin lafiya, akwai yaran da ɗan kaɗan zai toshe musu numfashi. Kulob da yawa sun hana gyaɗa kwata-kwata. Ƙuli-ƙuli, kantu, kilishi da yajin tsire duk su tsaya a gida, ko da tsarabar kaka ce.

A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4:00 a Landan, arewa ma ta fi saurin faɗuwa, wato magariba na riskar yaro a kulob. In ya kai shekarun sallah, nemi a ba shi lungu mai tsabta da izinin alwala. Da wuya a ƙi, amma kada ki sa ran za su riƙa tuna masa lokaci. In yana gwada azumi ki sanar da su a rubuce, ki faɗi abin da za su yi in ya galabaita, don kada su zaci ƙin cin abinci yake.

Yana da Islamiyya da 5:00. Ita ma Ofsted na duba ta?

Yawanci a'a. Wuraren koyar da addini ko harshe na 'yan awanni ba sa cikin waɗanda aka wajabta wa rajista. Ma'aikatar ilimi ta fitar musu da jagorar kare yara a 2020, amma ta ganin dama ce. Ma'ana tambayoyin da kika yi wa kulob kan DBS da taimakon gaggawa da wanda ke ɗaukar yaro, malam ma ya cancanci a yi masa su, cikin ladabi. Masallatai da dama sun riga sun tsara wannan.

Sai dai a duba nauyin da ke kan yaron. Makaranta zuwa 3:15, Islamiyya 5:00 zuwa 7:00, aikin gida bayan isha, kwana 5 a mako. In da hali, a bar masa yammaci ɗaya ko biyu da ba a neman komai daga gare shi.

In ya yi rashin ji me suke masa? Na ga yara na kiran manya da sunansu gatsau.

Kiran suna al'adar wurin ce, ba raini ba ne a wajensu, kuma yara na saurin gane cewa Anti da Kawu na gida ne. Dukan yaro haramun ne a duk wurin da ke da rajista, ko barazanar duka. Kada ki ce musu in ya yi ku zane shi, ko da wasa, domin za a iya rubuta maganar. Abin da suke yi shi ne magana, raba masu faɗa, a sa yaro ya huce, a gaya wa iyaye. Kulob masu kyau da yaran ake zama a tsara dokokin a manna a bango.

Ki sani kuma, in yaro ya zo da tabo ko rauni daga gida za su tambaya su rubuta, in suka ji abin da ya tayar musu da hankali wajibi ne su sanar da sashen kula da yara na ƙaramar hukuma. Ba ke kaɗai ake yi wa ba. In ya ƙone da shayi ko ya faɗi a keke ranar Lahadi, ki riga su faɗa. Idan kuma wani yaro ke tsokanarsa kan launin fata ko hijabi ko lafazi, wannan ba wasan yara ba ne, kai maganar ga shugaba a rubuce.

'Yata na da sikila. Za su karɓe ta?

Dokar daidaito ta 2010 ta hana a ƙi yaro saboda naƙasa ko doguwar rashin lafiya mai tauye shi, ta kuma wajabta yin gyaran da ya dace da hankali. Amma kada ki ɗauka sun san ciwon, wasu ba su taɓa ganin mai shi ba. Zauna da shugabar ku rubuta tsari: ta riƙa shan ruwa sosai, a bar ta ta je bayi ba sai ta roƙa ba, ta rufe jiki kafin fita, a bar ta ta huta in ta gaji. Su san cewa sanyi da ƙishirwa da wahala na tayar da ciwon, kuma zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama ba abin jiran iyaye ba ne, na kiran lambar gaggawa 999 ne. Ba a ba yaro magani sai da izininki a rubuce. Kada ki dogara cewa makaranta ta miƙa musu bayanin, musamman in kamfani ne daban. Haka mai asma, a ajiye masa abin shaƙarsa na biyu a kulob.

Bai daɗe da zuwa ba, Turancinsa bai nuna ba.

Filin wasa ya fi aji saurin koyar da harshe. Rubuta musu 'yan kalmomi kamar ruwa, fitsari, ciwo. In ɗan Reception ne za a ba shi ma'aikaci guda da zai zama nasa na musamman. A gida kuma a ci gaba da yi masa Hausa.

Nawa ake biya, akwai tallafi?

Binciken da ƙungiyar Coram ke fitarwa duk shekara ya nuna matsakaicin kuɗin a 'yan shekarun nan tsakanin fam 60 da 70 ne a mako, amma ya danganta da gari. Akwai asusun gwamnati da in kika zuba fam 8 a ƙara miki 2, har fam 2,000 a shekara ga kowane yaro zuwa shekara 11, ko 4,000 ga mai naƙasa. Masu karɓar Universal Credit, tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, na iya dawo da har kashi 85 cikin 100 na kuɗin, zuwa wata iyaka. Duka biyun sai kulob mai rajista ko na makaranta.

Ga inda gizo ke saƙar: mafi yawan masu bizar karatu ko ta aiki na ɗauke da sharaɗin hana cin tallafin gwamnati, kuma wannan sharaɗi ya rufe musu duka hanyoyin biyu. Duba bizarki kafin ki cike komai. Abin da ya rage shi ne tambayar rangwamen 'yan'uwa, ko ɗaukar kwana 2 ko 3 maimakon 5. A kasafin 2023 gwamnati ta ware fam miliyan 289 don faɗaɗa kula da 'yan firamare daga 8:00 na safe zuwa 6:00 na yamma, an fara a Satumba 2024. Kuɗin na buɗe gurabe ne, iyaye ke biyan nasu.

Ba zan iya barin su gida da yayarsu ba? Shekararta 11.

Doka ba ta yanke shekara ba, amma laifi ne barin yaro shi kaɗai in hakan zai jefa shi cikin haɗari, kuma iyaye ake tuhuma. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC na cewa 'yan ƙasa da 12 da wuya su kai a bar su na dogon lokaci, balle a ɗora musu ƙanne. A gida 'yar shekara 11 na goyo ta dafa abinci, amma a gidan da ke cike da manya. A nan in abu ya faru ita kaɗai ce a bayan rufaffiyar ƙofa.

Kaka, gwaggo ko kawu na iya riƙe yaro ba rajista. Karɓa-karɓa tsakanin ƙawaye, yau ke gobe ni ba kuɗi a tsakani, ita ma babu laifi. In kuɗi ya shiga ana riƙe ƙananan yara awanni da yawa a gidan wata, doka na iya buƙatar ta yi rajista.

Wa zai iya ɗauko shi, kuma in na makara fa?

Sai wanda kika rubuta sunansa. Ko ƙanin babansa ne ya zo, in ba ya cikin takarda ba za a ba shi ba, kuma haka ya kamata. Yawanci akwai kalmar sirri da za ki ba wanda kika aiko. Makara na da tara, wasu kan ƙirga duk minti 5, wasu duk 15. In lokaci ya ja, an kira duk lambobin da kika bayar ba a samu kowa ba, tsarinsu shi ne su kira jami'an kula da yara. Mai aikin da ake ajiye waya a loka ta ba da lambar wurin aikin, da ta mutum biyu na kusa da za su iya isa cikin rabin awa.

Ina da ƙorafi. Ina zan kai?

Fara da shugabar kulob, baki da baki, ba a gaban yara ba. In ba a gyara ba, rubuta, da kwanan wata da abin da ya faru. Mai rajista dole ya bincika ƙorafin da aka rubuta ya ba ki amsa cikin kwana 28. In makaranta ce ke gudanarwa, shugaban makaranta za ki bi, sannan hukumar gudanarwarta. Ofsted na karɓar ƙorafin da ya shafi karya sharuɗɗan rajista, kamar barin yara ba babba ko yaro ya fice ba a sani ba, amma ba ta shiga rigimar kuɗi. Zargin cewa ma'aikaci ya cuci yaro ba ya bin wannan layin. Ana kai shi kai tsaye ga sashen kula da yara na ƙaramar hukuma, inda akwai jami'i na musamman kan zargin ma'aikata, ko ga 'yan sanda, a ranar da aka ji.